DAGA INA AKE FARA LABARIN YAƘIN BASASA?



Duk lokacin da aka tayar da zancen yaƙin basasar Nijeriya, wanda aka fi sani da yaƙin Biyafara, abin da nake fara kasa kunne in ji shi ne ranar da mai magana zai ɗauko labarinsa. In ɗan Arewa ne, kusan ko yaushe zai fara daga daren 15 ga Janairu 1966, daren da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. In Ibo ne, zai tsallake wannan dare da sauri ya sauka a kan Mayu da Satumba na shekarar, lokacin da aka karkashe 'yan uwansa a garuruwan Arewa. Bayarabe zai koma 1962, sa'ad da aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, daga baya aka ɗaure Awolowo. Mutumin Neja-Delta kuwa zai ce duk ku dakata, labarin ya fara ne a 1956, ranar da aka haƙo man fetur a Oloibiri.

Babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da ke akwai shi ne kowa yana buɗe littafin a shafin da aka cuce shi, ya rufe shi kafin a kai shafin da shi ya yi cutar. Shi ya sa sama da shekara 50 da ƙare yaƙin, muhawarar ba ta matsa ko taki ɗaya ba. A nawa ganin, idan aka jera waɗannan ranaku a bi su ɗaya bayan ɗaya, abu guda za a tarar a ƙarƙashinsu, wato tsoron danniya. Kowane sashe na ƙasar nan ya shiga 'yancin kai yana fargabar ɗan uwansa zai hau kansa. Yaƙin ya raba gardamar ko ƙasar za ta tsage ko za ta zauna, amma tsoron nan ya bar shi yadda ya same shi.

TUN KAFIN A HARBA BINDIGA

Turawan Ingila sun haɗe Arewa da Kudu a 1914, amma suka ci gaba da mulkinsu kamar ƙasashe biyu. Da suka zo tafiya sai suka bar tarayya mai jihohi uku, ɗaya daga ciki ta fi sauran biyun girman ƙasa da yawan jama'a ko da an haɗa su. A zaɓen 1959, cikin kujeru 312 na Majalisar Wakilai, 174 na Arewa ne. Ɗan Kudu ya duba lissafin nan ya ga cewa muddin ƙuri'a ce za ta yi hukunci, to mulkin tarayya ba zai taɓa barin hannun Arewa ba. Ɗan Arewa kuma ya duba nasa lissafin ya ga cewa Kudu ta yi masa fintinkau a karatun boko, domin makarantun mishan sun daɗe da kafuwa a can. Akawun gidan waya ɗan Kudu ne, mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ɗan Kudu ne, haka ma akawun kamfanin da ke sayen gyaɗarsa. To idan Bature ya tafi, wa zai zauna a kujerarsa?

Wannan fargaba ce ta fito fili a 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce a bari sai lokacin da aka shirya. 'Yan majalisar Arewa sun sha ihu da zagi a Ikko. Da 'yan jam'iyyar AG suka biyo su Kano da yaƙin neman goyon baya a watan Mayu, sai rikici ya ɓarke tsakanin birni da Sabon Gari, mutane sama da 30 suka mutu. A wannan shekarar Majalisar Arewa ta amince da wasu buƙatu 8 waɗanda, in da an bi su, da abin da zai haɗa Arewa da Kudu bai wuce kwastan da tashar jirgin ruwa da tsaro ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi.

Bayan 'yancin kai kowane ɓangare ya shiga gina katangarsa. Gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin jiha, abin da mu muke kira kare kai, su kuma Ibo da ke zaune a Arewa suke kira kora. Ƙidayar 1962 ta jawo rigima har aka soke ta. Ta 1963 ta ba Arewa mutum miliyan 29.8 cikin miliyan 55.6, Firimiyan Gabas Michael Okpara ya ce bai yarda ba. Zaɓen tarayya na Disamba 1964 ya zo da ƙaurace wa akwati da zargin maguɗi. Na Jihar Yamma a Oktoba 1965 ya fi shi muni, har ta kai ana zuba wa mutane fetur a cinna musu wuta a kan titi. A cikin Arewa kanta ba lafiya lau ake ba. Ƙasar Tibi ta yi bore a 1960 da 1964, 'yan NEPU kuma sun san ɗakunan gidan yarin En'e kamar ɗakunan gidajensu. Duk wanda ya ce ƙasar tana zaune lafiya sai ga wasu manjoji sun zo sun ɓata ta, bai faɗi gaskiya duka ba.

JANAIRU DA YULI

Amma fa wannan ba ya wanke abin da manjojin suka yi. A daren Asabar 15 ga Janairu 1966, cikin goman ƙarshe na azumi, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya kai hari gidan Firimiya a Kaduna, aka kashe Sardauna tare da uwargidansa Hafsatu. A Ikko aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, sai gawarwakinsu aka tsinta. A Badun aka kashe Akintola. Cikin soja aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, Kanal Kur Muhammad, Laftanal-Kanal Abogo Largema da Laftanal-Kanal James Pam, wato kusan duk manyan hafsoshin da Arewa take taƙama da su, tare da Birgediya Ademulegun da Kanal Shodeinde daga Yamma. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

A nan ne gardama ta farko take. Masu kare manjojin suna cewa juyin kishin ƙasa ne, ba na ƙabila ba. Hujjarsu ita ce akwai Bayarabe a cikin jagororin, Manjo Adewale Ademoyega, wanda ya rubuta littafi a 1981 yana cewa nufinsu su fito da Awolowo daga kurkuku su ba shi mulki. Suna ƙarawa da cewa an kashe Ibo guda, Laftanal-Kanal Arthur Unegbe, kuma Nzeogwu haifaffen Kaduna ne mai jin Hausa kamar jakin Kano. Suna kuma tunatar da mu cewa waɗanda suka murƙushe juyin Ibo ne, Janar Aguiyi-Ironsi a Ikko da Laftanal-Kanal Odumegwu Ojukwu da ke riƙe da bataliya ta 5 a Kano.

Na yarda mai yiwuwa ne wasu daga cikinsu da zuciya ɗaya suka fito. To amma talaka ba ya ganin zuciya, gawa yake ƙirgawa. Mafi yawan manjojin Ibo ne. Firimiyan Gabas da na Tsakiyar Yamma, dukansu Ibo, ko ƙwarzane ba a yi musu ba. Shugaban ƙasa Azikiwe yana waje. Wanda mulki ya faɗa hannunsa Ibo ne. Sannan Ironsi ya tsare manjojin amma bai gurfanar da su gaban kotun soja ba, ya yi ƙarin girma a soja wanda mafi yawan masu cin moriyarsa 'yan Gabas ne. A ranar 24 ga Mayu ya fito da doka ta 34 wadda ta rushe jihohi ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. Ga ɗan Arewa, ma'anar dokar nan ita ce katangar da Sardauna ya gina ta faɗi, daga yau takardar makaranta ce kaɗai za ta ba mutum aiki a Sakkwato ko Maiduguri, kuma an san wanda ya fi takarda. Dattawan da suka ga zamanin suna ba da labarin hotuna da habaicin da aka riƙa yi a kasuwanni kan mutuwar Sardauna. Ranar 29 ga Mayu tarzoma ta tashi a Kano da Zariya da wasu garuruwa, aka kashe Ibo masu yawa.

Wata biyu bayan haka, 29 ga Yuli, sojojin Arewa suka rama. Aka kashe Ironsi a Badun tare da mai masaukinsa, gwamnan Yamma Adekunle Fajuyi, aka bi barikoki ana kashe hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan Gabas, waɗanda akasarinsu ba su san hawa ba ba su san sauka ba a juyin Janairu.

ARABA

Ga wani shafi da mu 'yan Arewa ba mu cika son buɗewa ba. Kalmar da aka riƙa ɗagawa a zanga-zangar Mayu ita ce “Araba”. Sojojin da suka yi juyin Yuli, da Murtala Muhammad a gabansu, ba su fito don su mulki Nijeriya ba. Niyyarsu su rama, su tattara nasu su koma gida, har sun fara kwashe iyalansu a jirgin sama zuwa Arewa. Kwana uku ƙasar ba ta da shugaba, ana ta ja-in-ja a barikin Ikeja. Manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Ingila da Amurka ne suka yi ta nuna musu cewa Arewa ba ta da teku, kuma ga mulki ya dawo hannunsu, me za su gudu su bari? A haka Laftanal-Kanal Yakubu Gowon, ɗan shekara 31, ya zama shugaba ranar 1 ga Agusta. Ko a taron tsarin mulki da aka buɗe a Ikko cikin Satumba, wakilan Arewa sun fara ne da neman ƙungiyar jihohi masu cin gashin kansu, kowace da 'yancin ficewa, kafin su juya cikin 'yan kwanaki su goyi bayan tarayya mai ƙarfi da ƙirƙiro sababbin jihohi.

Me ya juya su? Babban dalili shi ne yawancin masu riƙe da bindiga a lokacin 'yan ƙananan ƙabilun Arewa ne, Tibi da Angas da Jukun da Bacama da sauransu. Su ba su ga ribar ficewa daga Nijeriya su zauna a ƙasar da za su zama 'yan tsiraru har abada ba. Jiharsu ta kansu suke so, kamar yadda Joseph Tarka ya daɗe yana nema. Tsoron danniya bai tsaya tsakanin Arewa da Kudu ba, yana nan a cikin kowace jiha. Saboda haka idan muna zagin Ojukwu da cewa ya nemi raba ƙasa, ya kamata mu tuna cewa wata goma kafin shi, mu muka fara ɗaukar wannan jaka, aka lallashe mu muka ajiye.

Sai kuma abin da ya faru daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba 1966. Wani rahoto da gidan rediyon Kwatano ya watsa, Rediyon Kaduna ta maimaita, cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, shi ya zama ashana. A Makurɗi, Jos, Gombe, Zariya, Kaduna da Kano aka far wa Ibo, sojoji a gaba, 'yan iskan gari a baya. Ranar 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta 5 suka yi tawaye a Kano suka buɗe wuta a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa, kan mutanen da suka riga suka ɗaure kayansu za su tafi. Masana sun saɓa kan adadin waɗanda aka kashe a shekarar, daga 8,000 har zuwa 30,000 da gwamnatin Gabas ta faɗa. Sama da mutum miliyan 1 suka gudu gida. An kashe 'yan Arewa a Gabas su ma a ramuwar gayya, kuma akwai sarakuna da talakawa a Arewa da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu har ƙura ta lafa. Duk da haka dole a faɗi magana yadda take. Telan da aka kashe a Sabon Gari bai kashe Sardauna ba. Addininmu bai yarda a kama wani da laifin wani ba, kuma babu wanda aka hukunta kan wannan ta'asa, kamar yadda ba a hukunta kowa kan ta Janairu ba. A ganina, da babu kisan Satumba, da wuya Ojukwu ya sami talakan Ibo ya bi shi zuwa ɓallewa.

ABURI, JIHOHI DA MAN FETUR

An sami dama ta ƙarshe a Aburi ta ƙasar Gana, ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, bisa gayyatar Janar Ankrah. Ojukwu ya je da shirinsa a rubuce, sauran suka je da niyyar a yi sulhu irin na 'yan uwan bariki. Abin da aka sa wa hannu ya ba kowace jiha iko mai yawa, har ya zama gwamnatin tsakiya ba ta iya yanke babban hukunci sai da yardar gwamnoni. Da aka dawo Ikko manyan sakatarori suka nuna wa Gowon cewa wannan rusa tarayya ne. Doka ta 8 da ya fitar a Maris ta ba da mafi yawan abin da aka amince, amma ta riƙe wa gwamnatin tsakiya ikon kafa dokar ta-ɓaci a kowace jiha. Ojukwu ya ce ko duka ko babu. Har yau ana gardamar wa ya karya alkawari. Ni abin da na gani shi ne Gowon ya sa hannu kan abin da bai auna nauyinsa ba, Ojukwu kuma ya ƙi karɓar kashi mafi tsoka da aka miƙa masa saboda ya riga ya hango tuta.

Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, shida a Arewa, uku a Gabas. Da wannan ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ya kwantar wa Kudu da hankali cewa babbar Arewa ta tafi, ya kuma ba Ijo da Ogoni da Ibibiyo da Efik jihohinsu, Ribas da Kudu maso Gabas, inda mafi yawan man Gabas da duk bakin tekunta suke. Kwana uku bayan haka, 30 ga Mayu, Ojukwu ya yi shelar Jamhuriyar Biyafara.

Akwai masu cewa yaƙin duka na man fetur ne. Ban tafi tare da su har can ba, domin jinin da aka zubar a 1966 ba don rijiyar mai aka zubar da shi ba. Sai dai mai ne ya sa Ojukwu ya ga ƙasarsa za ta iya tsayawa da ƙafarta, shi ya sa Ikko ta ga ba za ta iya sakin Gabas ba, kuma shi ya sa Ingila, mai kamfanin Shell-BP, ta tsaya inda ta tsaya.

WATA TALATIN

An fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967 a Gakem, kusa da Ogoja. Gwamnati ta ce ɗan aikin 'yan sanda ne na makonni. Cikin Agusta sojojin Biyafara suka tsallaka Kwara suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma har suka kai Ore, abin da ya sa Yarabawa da mutanen Binin suka daina kallon rigimar a matsayin ta Hausa da Ibo. Inugu ta faɗi a Oktoba 1967, Fatakwal a Mayu 1968, daga nan Biyafara ta zama tsibiri a tsakiyar ƙasa, babu hanyar shiga sai filin jirgin Uli da dare.

Farfagandar Biyafara ta gaya wa Turai cewa Musulmi ne ke yi wa Kirista kisan ƙare dangi. Alhali Gowon Kirista ne ɗan mai bishara da ya tashi a Wusasa, Adekunle da Obasanjo da Ɗanjuma Kiristoci ne, Awolowo ne ke riƙe da kuɗin yaƙin, Enahoro ne kakakin gwamnati. Tawagar masu sa ido ta ƙasashen waje da ta zo a 1968 ta ce ba ta ga shirin ƙare dangi ba. Amma wannan bai goge Asaba ba, inda ranar 7 ga Oktoba 1967 sojojin runduna ta 2 suka tara ɗaruruwan maza da samari da suka fito yi musu maraba suka harbe su. Bai goge bama-baman da aka jefa a kasuwanni ba. Haka nan ƙananan ƙabilun Gabas suna da nasu labarin na wuyar da suka sha a hannun sojojin Biyafara. Yunwa ce ta fi kowa kisa. Gwamnatin tarayya ta toshe hanyoyi, ta ce abinci ya bi ta ƙasa a bincika shi. Ojukwu ya ƙi, ya nace sai ta sama, domin jiragen dare suna ɗauko makamai tare da madara. Manya suna wannan ja-in-ja a Kampala da Yamai da Addis Ababa, yara suna kumbura suna mutuwa. Ƙiyasin waɗanda suka rasu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan 2, wasu ma suna kai shi 3, akasarinsu farar hula.

Ojukwu ya tashi zuwa Kwaddebuwa ranar 11 ga Janairu 1970. Mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan ranar 15 ga wata, shekara huɗu cif da daren da aka fara zubar da jinin.

ABIN DA YAƘIN YA BARI

Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. A yaba masa, domin ba a kafa kotunan ramuwa ba, kuma kisan gillar da duniya ta yi ta tsoro bai auku ba. Shekara tara kacal bayan yaƙi Alex Ekwueme ya zama mataimakin shugaban ƙasa, a 1982 Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo gida. Ibo sun koma Kano da Kaduna da Jos, da yawansu suka tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da maƙwabta suka tara musu. A Fatakwal kuwa aka ce gidajensu dukiya ce da aka yasar, aka hana su. Kuma duk wanda ya motsa ajiyarsa ta banki a ƙarƙashin Biyafara, fam 20 aka ba shi komai yawan kuɗinsa. Da dokar mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972, ba su da abin sayen hannun jari. Wannan ciwo yana nan a zukatansu, kuma har yau ba a sake samun Ibo a kujerar shugaban ƙasa ba tun bayan Ironsi.

Gado na biyu shi ne soja. Rundunar da ba ta fi mutum 10,000 ba kafin yaƙi ta koma kusan 250,000. Hafsoshin da suka yi suna a bakin daga su suka riƙe ƙasar bayansa: Murtala, Obasanjo, Buhari, Babangida, Abacha. Biyu daga cikinsu sun dawo da farar riga, na ƙarshensu ya sauka a 2023. Sun zo da tunanin bariki, cewa umarni daga sama yake saukowa, suka gina ƙasar a kan haka.

Na uku, wanda na fi so ɗan Arewa ya tsaya ya duba, shi ne kuɗi. Kafin yaƙi, jiha tana riƙe rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙo a ƙasarta, kowace kuma tana rayuwa da guminta: Arewa da gyaɗa da auduga da fata, Yamma da koko, Gabas da manja. Dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya man ƙasar duka. Kason masu mai ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da kashi 2 cikin 100 a shekarun 1980, kafin tsarin mulkin 1999 ya mayar da shi 13. Jihohi suka tashi daga 12 zuwa 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996, kusan kowace tana jiran kason wata daga Abuja. Abin mamaki, doka ta 34 da aka kashe Ironsi a kanta, ita muka wayi gari muna aiki da ruhinta, sai dai an sa mata rigar tarayya.

Mu da ake cewa mun ci yaƙi, me muka fito da shi? Jihar Arewa da aka yi Araba don kare ta, ranar 27 ga Mayu 1967 aka binne ta. Ba na cewa raba ta sharri ne zalla. Mutanen Binuwai da Filato sun sami abin da suka daɗe suna nema, Kano ta ga aikin Audu Baƙo, ga dam ɗin Tiga nan shaida. An karɓe kotu da 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e, abin da NEPU ta sha duka a kansa. Amma dalar gyaɗa ta ɓace a tsakiyar shekarun 1970, fari da cutar gyaɗa suka haɗu da kuɗin mai suka kashe ta. Gwamnatin da ba ta dogara da noman talaka ba kuwa ba ta da dalilin damuwa da gonarsa ko makarantar ɗansa. 'Yan bokonmu suka karkata ga kujerar tarayya, aka bar karkara da almajiri da ɗan bindiga. Tazarar ilimi da ta sa Sardauna ya ce a jinkirta mulkin kai a 1953 tana nan ba ta rufe ba.

Na huɗu shi ne shiru. An kafa hidimar ƙasa ta NYSC a 1973, aka buɗe makarantun haɗin kai, aka sa rabon muƙamai tsakanin jihohi a tsarin mulkin 1979, aka mayar da babban birni Abuja a 1991. Duk magunguna ne na tsoron danniya, kuma sun yi ɗan amfani. Amma ba a taɓa zama an tantance abin da ya faru ba. Kwamitin Oputa da aka kafa a 1999 ya saurari ƙorafin Ohanaeze da martanin ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa, gwamnati ba ta fitar da rahoton a hukumance ba. Har darasin tarihi aka cire daga ƙananan makarantu na sama da shekara goma. Da makaranta ta yi shiru sai kowane gida ya koyar da nasa. Ibo sun rubuta nasu, daga Chinua Achebe zuwa Chimamanda Adichie. Ken Saro-Wiwa da Elechi Amadi sun rubuta na ƙananan ƙabilu. Mu namu ya tsaya a waƙoƙin ƙarfafa gwiwar soja da sha'irai irin su Aƙilu Aliyu suka yi a lokacin. Dubban samarin da aka ɗiba daga ƙauyukan Katsina da Barno da Zuru da Langtang, waɗanda suka mutu a bakin Kwara wajen tsallakawa Anacha ko suka ƙone a Abagana, ina littafin Hausa da ya ba da labarinsu? Ina wanda ya ba da labarin matar da ta ɓoye maƙwabciyarta a rumbu? Wannan bashi ne a wuyan marubutanmu, kuma waɗanda suka ga abin da idonsu suna ta ƙarewa.

Sakamakon shirun nan muna ganinsa. MASSOB ta fito a 1999, IPOB ta biyo baya a 2012, mabiyansu akasari matasa ne da ba su taɓa jin ƙarar jirgin yaƙi ba. A Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. Sun janye daga baya, amma ko sun san abin da ya faru a filin jirgin Kano a irin wannan rana a 1966? Idan ba su sani ba abin tsoro ne, idan kuma sun sani abin ya fi ban tsoro.

Ba na kiran kowa ya manta da mamatansa. Ni ma ba zan daina yi wa Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Maimalari addu'a ba, kuma ba zan yarda a ce mini kashe su gyara ne ba. Abin da nake roƙo shi ne idan za mu gaya wa 'ya'yanmu labarin Janairu, mu haɗa musu da na Satumba da na Asaba, mu gaya musu cewa mu ma mun taɓa cewa Araba. Shi ma ɗan uwanmu na Gabas, idan zai ba da labarin yunwa da fam 20, ya fara daga gidan Firimiya a Kaduna, ya kuma faɗi abin da aka yi wa Ijo da Ibibiyo da sunan Biyafara. Daga nan ne za a iya zama a yi maganar da ta rage tun Aburi, wato nawa ne ikon da ya kamata ya zauna a tsakiya, nawa ne zai koma jihohi, kuma da me kowace jiha za ta ciyar da kanta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu take, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.